Hausa ta shiga kundi, saura ta shiga ofis

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan matsayin da aka bai wa Hausa a Nijar. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana ta a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Mu ƴan Damagaram mun yi murna, domin a garinmu aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyar da yara da Hausa tun 1973. Amma har yau takardar haihuwa da sammaci da hukuncin kotu da Faransanci ake rubuta su, kuma tsohuwar da ta taso daga ƙauye da safe tana dangwala yatsa a kan takardar da tafinta ya taƙaita mata cikin jimla biyu.

Ya kamata mahukunta su dubi Kanada. Dokar harsunan hukuma da ta kafa a 1969, wadda aka sabunta a 1988 da 2023, ba ta tsaya ga ambaton Ingilishi da Faransanci ba. Ta bai wa ɗan ƙasa haƙƙin a saurare shi a manyan ofisoshin gwamnatin tarayya da harshen da ya zaɓa, ta wajabta buga dokoki da harsunan biyu, kowane rubutu da ƙarfi ɗaya a gaban alƙali, sannan ta naɗa kwamishina wanda duk wanda aka tauye masa wannan haƙƙi zai kai wa ƙara. A ganina wannan kwamishina shi ne ƙashin bayan dokar. Tun 1934 ma suna da ofishin fassara na gwamnati, mu kuwa fassarar tamu ta dogara ne ga wanda aka samu a bakin ƙofa.

Ba ina cewa mu kwafi tsarinsu ba, domin su harsuna biyu suke daidaitawa, mu kuwa a jihar nan kaɗai akwai Barebari da Fulani da Buzaye da Tubawa, kuma tun kafin wannan kundi wata dokar Nijar ta 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma. Roƙona shi ne a yi dokar aiwatarwa wadda za ta fayyace takardun da za a fara bugawa da Hausa, ta ware kuɗin horar da tafintocin kotu da na asibiti a sauran harsunan, ta kuma faɗi ofishin da talaka zai kai kukansa.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Unguwar Birni, Damagaram.