Wasiƙa daga Sakkwato a kan Yaronmu da Ɗaga Ƙarfe

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na zaɓi in rubuto maka ne a kan saƙon da ka aiko cewa in hana yaronmu ɗaga ƙarfe, domin na san halinka a waya, idan ka fara faɗa ba ka barin mutum ya kai aya.

Ba zan hana shi ba, kuma ina roƙonka ka saurari dalilina. Hoton da ya tura wa ƙannensa, yana ɗauke da sandar ƙarfe mai gwangwanin siminti a kowane gefe, ni ma ya tayar mini da hankali, saboda babu wanda ya san nauyin simintin nan, sau da yawa gefe ɗaya yana rinjayar ɗaya, kuma ba a iya ƙara shi kaɗan-kaɗan. Amma idan muka hana shi a gida, zai koma wurin samarin unguwa masu gasar wa ya fi wani ƙwanji, kuma a irin wannan gasar ake samun ciwon baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana shawartar manya da su yi motsa jiki mai ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Ka kuma kwantar wa mahaifiyarsa hankali, ɗaga ƙarfe bisa ƙa'ida ba ya hana tsawo, balle yaron da ya riga ya kere ka.

Na kai shi wani gidan motsa jiki ta wajen filin wasa na Giginya, inda nauyin kowane ƙarfe yake a rubuce, muka kuma yi yarjejeniya. Ba zai taɓa ƙarfe ba sai ya ɗumama jikinsa na minti 5 zuwa 10. Zai ɗauki nauyin da zai iya ɗagawa sau 8 zuwa 12 ba tare da ya karkace ko ya fizga ba, ya huta, ya maimaita sau biyu ko uku, kuma ba zai ƙara ba sai wancan ya yi masa sauƙi, sannan ya ƙara kilo 1 ko 2 kawai. Babbar sandar ita kaɗai kilo 20 ce, don haka da ita zalla ya fara, duk da ya ɓata rai. Abin da na fi nanata masa shi ne ɗaukar ƙarfe daga ƙasa: baya a miƙe, sanda dab da ƙwauri, ƙarfin ya fito daga cinyoyi da ƙugu, ya fitar da numfashi yayin ɗagawa. Wanda ake yi a kwance kuwa, ana tura sanda daga ƙirji, na haramta masa yinsa sai da wani tsaye a kansa, domin idan hannu ya gaza, sandar a ƙirji ko wuya take sauka.

Kwana uku zai riƙa zuwa a mako, saboda tsokar da aka wahalar tana buƙatar kimanin awa 48 kafin a koma mata, kuma a lokacin hutu da barci take ginuwa. Ka san zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, yadda yake haura digiri 40, shi ya sa sai bayan Asuba ko bayan Magariba, da gorar ruwa a hannu, idan azumi ya zo kuma sai bayan buɗa-baki. Na faɗa masa idan ya ji zafi mai suka a gaɓa ya ajiye ƙarfen nan take, idan kuma fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi tare da ciwon tsoka mai tsanani, asibiti za mu nufa, domin ƙoda ce ke cikin haɗari.

Batun abinci kuwa kai zai shafa. Mai son gina tsoka yana buƙatar furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato kusan giram 100 ga mai kilo 60, alhali ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal. Wake da awara da ƙuli-ƙuli da kindirmo da kifi sun ishe shi, ba sai ya sayi garin furotin na gwangwani mai tsada ba, amma kuɗin cefanen da kake aikowa sai ka dube shi da idon rahama.

Babbar damuwata ita ce allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka da ake sayar wa samari a ɓoye. Suna lalata hanta, suna jawo hawan jini da ciwon zuciya, suna kuma rage haihuwa, ga kuma masu shan Tramadol don kada su ji gajiya. Na zaunar da shi na yi masa bayani, amma maganar uba daban ce, don haka ka kira shi ka jaddada masa, ba tare da faɗa ba.

Ka tambayar mini mahaifiyarsa ko gwiwar da ya gurɗe yana sakandare ta dama ce ko ta hagu, domin shi ya ce ya manta, ni kuma ina so likita ya duba ta kafin ya fara tsuguno da nauyi.

Ka gaishe ta da yara duka.

Naka,
Amininka