Sanarwa kan rabon shiyyoyin wakilan manoma

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Kamar yadda aka sani, an nemi mu ba da shawara kan yadda za a raba shiyyoyin da wakilan manoma za su fito a kwamitin harkar noma. Ƙananan hukumomi 44 ne a Kano, ba zai yiwu kowacce ta samu kujera ba.

Wasu sun ce a bi mazaɓun sanata: Tsakiya mai ƙananan hukumomi 15, Arewa 13, Kudu 16. A nawa ganin, wannan rabon na siyasa ne, bai kula da gona ba. Ku duba Kura da Garun Malam suna Tsakiya, Bunkure na Kudu, alhali ruwan Tiga ɗaya suke sha, shinkafa da tumatir ɗinsu ɗaya, kukansu a kan magudanan ruwa ma ɗaya. In an raba su, wa zai tsaya wa manoman rani? Ga shi Tsakiya mu ƴan birni mun fi yawa, kuma gaskiya yawancinmu fatauci muke yi a Dawanau.

Shiyyoyin KNARDA, wato hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kano, na Rano, Dambatta da Gaya sun fi kusa da yanayin ƙasa, duk da mai masara a Doguwa da mai shinkafa a Kadawa, waɗanda ke shiyya ɗaya, buƙatunsu sun sha bamban.

Kowa ya turo ra'ayinsa nan kafin Juma'a, a taƙaice don Allah, ban da dogon saƙon murya. Mata masu turara shinkafa, muna jiran naku.

Mun gode.