A Bar Ɗaliban Kimiyyar Yanayi Su Auna Hazonmu da Kansu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi kira ga shugabannin jami'o'inmu na Marwa, Garwa da Ngaundare a arewacin Kamaru game da horon ɗaliban digirin farko masu karanta kimiyyar yanayi.

Abin da aka saba a ɗakin gwaji shi ne malami ya miƙa takardar umarni, ɗalibi ya bi ta layi-layi har ya iso ga amsar da ke rubuce a littafi tun kafin a haife shi. Wannan yana koyar da riƙe kayan aiki, amma ba ya koyar da bincike. Shawarata ita ce a ware zango guda, a ɗora wa kowane rukunin ɗalibai tambayar da malamin kansa bai san amsarta ba.

Tambayoyin kuwa a ƙofar gida suke. Kaso mai yawa na hazon da ke rufe mu da hunturu daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, inda iska ke kutsawa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi tana kwashe ƙurar busasshen gindin tsohon tafki. A 2005 sai da masana suka taso tun daga Ingila domin su auna ta a can. Me zai hana ɗalibi a Garwa ya rubuta kowace safiya ko ana hango dutsen Tingelin ko hazo ya shanye shi, sannan ya gwama bayanansa da hoton tauraron ɗan'adam na wannan rana?

Haka ma ruwan damina, wanda kan jiƙa wannan ƙauye sharkaf ya tsallake na kusa da shi. Mazurari da kwalba mai ma'auni sun isa a fara, tunda milimita 1 ta ruwan sama daidai take da lita 1 a kan murabba'in mita. Ranar da akuya ta ture kwalbar, a nan ɗalibi zai koyi cewa ba a cike giɓi da ƙirƙirarren adadi, kuma a ganina wannan darasi ya fi lacca goma. Bayan ambaliyar garin Yagwa ta 2024, babu mai musun cewa muna bukatar masu wannan tarbiyya.

Ina kuma roƙon a riƙa ba da maki a kan kundin awo na yau da kullum, a adana alƙaluman domin ajin da ke biye ya ɗora a kansu, a kuma miƙa kwafi ga hukumar hasashen yanayi ta ƙasa.

Wassalam.

Wani malamin sakandare,
Garwa, Kamaru