Dattijon da ya zo in goge masa hoton ɗansa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina kuma roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Ni mai gyaran salula ne a nan Maraɗi. Shekara 14 ke nan ina kan teburi ɗaya a gefen babbar kasuwa, ina canza gilashi, ina caji, ina tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori. Rubutu ba sana'ata ba ce, sai dai akwai abin da na aikata da ɗan yatsana wanda ya ƙi sakina.

Bara, wata Litinin ranar kasuwa, aka tare wani yaro ɗan kabu-kabu aka ce moton sata yake kai. Aka ɗaure masa hannu ta baya da roba, rigarsa a yage, jama'a sun yi masa zobe, wani ya ɗaga waya ya ɗauka. Bidiyon bai cika minti biyu ba. Kafin kiran azahar ya shigo wayata. Ban san yaron ba, ban je wurin ba, ban tambayi kowa ba. Na tura shi guruf uku: na unguwarmu, na masu gyaran waya, da na dangi da suka watsu daga Katsina har Agadas. Na ƙara da nawa a ƙasa, na ce a yi hattara da wannan fuska. A raina ma lada nake nema.

Ashe moton na yayansa ne, takardun suna gida, mai ƙarar kama ce ya gani. Kafin magariba an sallami yaron. Sai dai babu wanda ya ɗaga waya lokacin da ake kwance shi.

Bayan kwana tara wani dattijo daga wajen Madarunfa ya tsaya gaban teburina. Ya zaro wata tsohuwar waya daga aljihun gaba, an ɗaure bayanta da roba don kada batir ya faɗo. Ya ce, “Ɗana, an ce kai ne gwani a nan.” Na ce, “Baba, me ya same ta?” Ya ce lafiyarta ƙalau, hoton yaronsa yake so in goge. Ina buɗewa na ga bidiyon nan. Na goge na miƙa masa. Ya ƙi karɓa. Ya ce, “A'a, ba a nan kaɗai ba. Ko'ina nake so ka goge.” Ya lalubo jika biyu a dunƙule ya ajiye kan teburi, ya ce in bai isa ba zai ƙaro ran Juma'a.

Malam Edita, na gyara wayar da ta faɗa rijiya, na ta da wadda amalanke ya taka, amma ranar nan na rasa ta cewa. Na yi masa bayani iyakar iyawata cewa abin ya zama ƙaiƙayi a iska. Abin da ban gaya masa ba shi ne ina cikin masu sheƙar. Sai da na yi sati uku ina juyi kafin na hau mota na same shi har gida na faɗa masa. Bai zage ni ba. Cewa ya yi Allah ya yafe mana baki ɗaya, wannan kuwa ta fi mari zafi. A nan na ji cewa yaron ya bar gari ya koma Damagaram, don fasinja na ganinsa sai su ja baya, kuma gidan da yake neman aure sun mai do da kuɗin gaisuwa.

Tun daga lokacin na shiga bin diddigin abin da doka ta ce, wani ƙanena ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo yana karanta mini faransancin yana juya mini. Ƙasarmu Nijar tana da dokar laifuffukan intanet tun ranar 3 ga Yuli 2019. A 2022 aka sassauta ta, aka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi aka bar tara. Ranar 7 ga Yuni 2024 shugaban mulkin soja Janar Tiani ya sa hannu a kan umarnin da ya mai do da ɗaurin. Yanzu wanda ya ɓata sunan wani ko ya zage shi ta waya yana iya shan shekara 1 zuwa 3, da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa. Wanda ya watsa abin da zai ta da hankalin jama'a ko ya zubar da mutuncin ɗan Adam, shekara 2 zuwa 5 ne, da miliyan 2 zuwa 5. Dokar ba ta tsaya kan wanda ya ɗauka ba, ta haɗa da wanda ya miƙa wa wani da wanda ya watsa. Wato “ni ma turo mini aka yi”, wadda ita ce garkuwar kowa a fadarmu, ba za ta tare komai a gaban alƙali ba. Ni da nake karɓar dala ashirin kuɗin turi, a ina zan ga miliyan biyu?

Zan faɗi gaskiyata, akwai wurin da dokar ke ba ni tsoro. Kalmar ta da hankalin jama'a kamar wandon roba take, kowa za ta iya shiga, kuma an ce ko da labarin gaskiya ne hukuncin yana hawa. Ba mu manta ba a 2020 ƴar jarida Samira Sabou ta yi fiye da wata guda a tsare a Yamai saboda rubutun Facebook, daga baya kotu ta sallame ta. Bai kamata mai faɗin cewa hanya ta lalace ko farashin gero ya tashi ya riƙa waige ba. Amma abin da muka yi wa ɗan dattijon nan ba faɗin gaskiya ba ne, kuma mafi yawan abin da ke yawo a wayoyinmu irinsa ne: matar da aka ɗauka tana faɗa da kishiya, gawar haɗarin mota a hanyar Ɗan Isa da uwa za ta fara gani a waya kafin a zo mata gaisuwa, muryar wani da ba a san ko wane ne ba yana rantsuwa cewa ƴan bindiga sun shigo gari kaza. Wannan ta ƙarshe na ga ta sa mata sun kwashe yara sun kwana cikin gona a banza.

Shi kansa WhatsApp yana yi mana ishara. Tun 2019 ya hana a tura saƙo wuri fiye da biyar a lokaci guda, kuma wanda ya sha yawo yana zuwa da kibiya biyu a samansa. Mu kuwa in mun ga kibiya biyu sai mu ce lalle gaskiya ne, tunda kowa na turawa. Malamanmu sun gaji da karanta mana ayar Hujurati da ta ce in an zo muku da labari ku bincika, da wadda ta hana leƙen asiri da cin naman ɗan'uwa. Ina da wannan wa'azin a kwamfutata, na tura wa mutane shi ya fi a ƙirga, ranar da ya kamata ya yi mini amfani ban tuna da shi ba.

Sai kuma mu masu gyara, don ba zan tona na wasu in rufe namu ba. Mace za ta kawo waya gilashi ya fashe, ta ba ka lambar buɗewa ta tafi cefane. Duk rayuwarta tana hannunka: hotunanta na ɗaki, muryoyinta da mijinta da ke Libiya, hoton katin ɗan ƙasa, rasit ɗin kuɗin da aka aiko mata. Na taɓa kama yaron shagona yana kwafe hotunan wata amarya zuwa wayarsa. Da na tsare shi sai ya ce ai kallo kawai zai yi. Na sallame shi a ranar. Akwai dokar kare bayanan mutane tun 2017, har da hukuma a Yamai mai kula da ita, amma ka zagaya layinmu kaf ka tambaya, da wuya ka sami biyu da suka taɓa jin labarinta. Yanzu in aikin bai buƙaci a buɗe waya ba, ba na karɓar lamba. In ya buƙata, mai ita ya zauna a benci ya ga abin da nake yi.

Batun turin waƙoƙi kuwa, a nan bakina ya yi nauyi. Mawaƙi ya biya situdiyo, ya biya makaɗa, ni in zuba waƙarsa a memori ɗari bai ga ko dala ba. Akwai ofishin haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, da aka kafa don irin wannan. Ban daina turin ba, da shi nake sayen hatsi, ba zan yi maka ƙarya ba. In aka fito da tsarin da mu masu turi za mu riƙa ba da wani abu duk wata ya isa hannun masu waƙa, a rubuta sunana farko.

Roƙona gare ka ɗaya ne. Tun watan Maris na 2025 aka ce Hausa ce harshen ƙasa, amma dokar da za ta iya kai mai waya gidan kaso tana nan cikin faransanci, masu wayar kuwa akasarinsu da murya suke aika saƙo don ba su yi lakwal ba. Ku samu lauya ya juya mana waɗannan ayoyin doka zuwa Hausar da tsohuwa za ta gane, ku buga su a shafi guda, ku ba gidajen rediyon Maraɗi su karanta. Ni zan manna shafin a jikin teburina, in kuma karanta shi da murya in tura guruf ukun nan.

Na riga na tura musu saƙon cewa yaron ba ɓarawo ba ne, kuma ni ne na yi kuskure. Mutum huɗu suka amsa. Bidiyon kuwa ko a watan jiya na gan shi a wayar wani baƙo da ya kawo caji daga Tasawa.

Naka,
Wani mai gyaran salula,
Maraɗi