Zuwa ga Babana, kan maganar ɗage auren nan

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Kawunka ya zo jiya bayan la'asar, a bakinsa na ji wai ka ce a sake ɗage maganar auren sai ka kammala digirin digirgir. Karo na uku ke nan. Mahaifiyarka ba ta ce uffan ba, tashi ta yi ta shige ɗaki.

Ni na ɗora ka a kan wannan hanya, ban musa ba. Ni na ba ka tsohuwar rediyon nan ka warware ta a kan tabarma, har dalma ta ƙone maka yatsa. Ni ne kuma na cika maka kunne da labarin Charles Kao, haifaffen Shanghai, wanda a 1966 a garin Harlow na Ingila shi da George Hockham suka nuna cewa dattin da ke cikin gilashi ne ke cinye haske, in aka tace shi zaren gilashi zai kai saƙo nesa. Sai a 1970 kamfanin Corning ya iya ƙera irin zaren. Yau shi ne kwance a ƙarƙashin teku yana ɗauke da intanet.

Amma rabin labarin na ba ka, laifina ne. Kao ya yi aure tun 1959, kafin nasa digirin digirgir ɗin, kafin binciken. Da lambar Nobel ta zo a 2009, shekara 43 bayan binciken, ciwon mantuwa ya riga ya ci ƙarfinsa. Matarsa ce ta tsaya a Stockholm ta karanta laccar a madadinsa. Wannan ne ke hana ni barci. Ina hango ka da furfura kai kaɗai a ɗakin gwaji, ba mai tambayar ko ka ci abinci. In ƙarfi ya ƙare, wa zai tsaya maka? Na'urorin?

Kuma 'yar mutane ba kayan ajiya ba ce. Kullum sahu ɗaya muke da mahaifinta a masallaci, na rasa idon da zan dube shi da shi. Ba haka muka tarbiyyantar da kai ba.

Ban ce ka bar karatu ba, Allah ya sani ina alfahari da kai. Ban ba kawunka amsa ba tukuna. Ka kira mahaifiyarka ran Juma'a, ita za ka fara lallashi. Ta ce a tambaye ka ko yajin da ta aiko ya iso.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka