Niyyata ta asuba ba ta kai hantsi

Assalamu alaikum Hajiya, barka da ƙoƙari. Ni tela ce a Aboabo, nan Kumasi, shekarata 34, ina da keken ɗinki biyu da 'yan koyo uku. Kullum shirinki nake saurare ina guga, yau na ce bari in kawo nawa kukan.

Tun bayan ƙaramar Sallah na ɗauki wata al'ada. In na idar da sallar asuba, ba na tashi daga kan darduma sai na rubuta abu uku da na ƙudurta yi a ranar, a bayan littafin da nake rubuta awon mutane. Malaminmu na makarantar dare ne ya zaburar da ni. Ya kawo mana addu'ar da Manzon Allah (SAW) ya yi ta neman albarka ga al'ummarsa a cikin sammakonta, ya ce sahabin da ya ruwaito ta, Sakhr al-Ghamidi, ɗan kasuwa ne da ke tura kayansa da sassafe, har Allah ya yalwata masa. Maganar ta shige ni ƙwarai.

Amma Hajiya, niyyar nan ba ta kai hantsi. Talatar da ta wuce na rubuta: in gama rigar wata amarya, in shiga kasuwar Kejetia sayen zif da zare kafin hanya ta cunkushe, in je karɓar bashin sidi 150. Ƙarfe 7 ƙanwar maigidana ta aiko, wai ana suna a Asawase. Na ce in leƙa in yi barka in dawo. Ko zama ban yi ba aka dire mini tiren albasa da wuƙa. Wa zai ajiye wuƙa a gaban surukai ya ce yana da aiki? Sai bayan azahar na samu trotro, wato motar haya. Na iso shago an ɗauke wuta, ga ƙaramar cikin yaran ta yanka hannun rigar a baibai, leshi mai tsada. Da dare na buɗe littafin, ko ɗaya ban soke ba.

Ba zan ɗora wa mutane laifin duka ba. Ranar da ba suna ba biki, waya ce ke cinye mini safiya. In ɗauka da sunan duba saƙo ɗaya a WhatsApp, kafin in ankara kokona ya huce, ƙosai ya sandare.

Surukata cewa take mutane su ne tufafi, ranar da na kwanta ciwo ba keke ne zai zo gaishe ni ba. Gaskiyarta. Maigidana kuwa dariya yake wa littafin, wai in ce in sha Allahu kawai in kama aiki. To ai ina faɗa, mai kaya ce ba ta karɓarta a madadin riga.

Hajiya, ukun ne suka yi yawa, in koma ɗaya? Kuma da wane lafazi zan ce wa babba "sai da yamma zan zo" ba tare da an ce kuɗi sun sa ni girman kai ba? Kin san Zongo, magana ba ta kwana.

Don Allah a karanta wasiƙata kafin Juma'a, ranar ce ɗaurin auren. Gwaggon amarya ta kira ni sau biyu yau, ban ɗauka ba.

Taki,
Mai ɗinki a Aboabo