Wasiƙa zuwa ga Lawali a Abijan

Aminina Lawali,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Inna tana gaishe ka, ta ce turmin atamfa ya iso, Allah ya yi albarka.

Ka tambaye ni inda za ka sa ɗan jarinka in ka dawo gida, har ka ce ko gyaɗa. Sai da na yi dariya. Gyaɗar da ta tsayar da alhazan Maraɗi da ƙafafunsu, tun farin 1973 ba ta koma yadda take ba. Yanzu abin ya fi zama na mata, su matse mai su toya ƙuli-ƙuli.

Ni dai aya nake gani. Makon jiya na je Cadawa, na tarar da buhuna jibge bakin hanya, mata na sheƙe ta daga ƙasa, ƙura ta rufe su har gira. Masu sayen rabinsu daga Katsina da Kano suka zo, saboda kunun aya ya samu shiga a biranensu. Daga nan har Agye da Gazawa haka abin yake. Sai dai aya tana cin ƙarfin gona, in ba ka da taki kar ka fara. Kuma ka san halin naira: ranar da ta faɗi, kasuwarmu ce ke yin zazzaɓi.

In kana son abin da ba ya jiran damina, ga zogalen Jiratawa, ana yankarsa rani da damina ana lodi zuwa Yamai. Ga kuma jar akuyarmu mai tagwaye, wadda fatarta ta kai sunan garin nan har Turai. Ta gidanmu ta haifi uku bana, Inna ta hana kowa taɓa su.

Maganar jirgin ƙasa na Kano da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai biyo ta Jibiya, ta sa filaye tsada ta wajen hanyar Ɗan Isa. Kar ka sayi fili ta waya, ko da ni na ce maka.

Garin ya ja sosai. Ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo sun cika gidajen haya, ƴan kabu-kabu kuwa ba a magana. Tsofaffi dai na nan a majalisarsu suna gardamar ko an sake yin ɗan kokowa kamar Kantu, wanda ya ɗauko takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975. Baffanka ya rantse ba a yi ba.

Ka sanar da ni watan zuwanka, in nemi mota mu zaga har tafkin Madarunfa mu ci kifi.

Naka,
Isufu